Dasa Famfon Mai Cikin Tanki Idan An Sauya Wa Mota Inji

Tun shekarar 1975 da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, motoci masu kafireta suka yawaita a ƙasar Hausa. Wasunsu har yanzu jikinsu garau yake, inji ne ya gaji, don haka akan ɗora musu na zamani mai injekta. Abin da akan manta shi ne, tsohon tankin ba don wannan inji aka ƙera shi ba. Manufar wannan takarda ita ce bayyana dalilin sa famfon mai cikin tanki, da yadda ake yin aikin.

Kafireta tana da 'yar tukunya inda mai ke taruwa, saboda haka ƙaramin famfon da ke jikin inji ya ishe ta, ko da yake matsinsa bai kai rabin bar ba. Injekta kuwa fesa mai take yi, tana bukatar matsi kimanin bar 3, kuma famfon lantarki ne ke ba da shi. Shi wannan famfo ya fi iya turi a kan zuƙa. In an ɗaure shi nesa da tanki, zafin bazara kan mai da fetur tururi cikin tiyo, mota ta shiga shaƙewa. A cikin tanki kuwa, man da ya nutse ciki shi ke sanyaya shi.

Mai karatu zai ce, ina wuta ina fetur? Amsar ita ce, fetur ba ya kamawa sai tururinsa ya kasance tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin ɗari na iska, a rufaffen tanki kuwa yakan zarce haka. Tankin da aka juye wa mai shi ne abin tsoro, domin iska ta shiga. Shi ya sa ake fara cire kan batir, a sauke tanki, a wanke shi sarai, a cika shi da ruwa kafin a huda, kuma a nisanci walda da duk abin da ke tartsatsi.

Bayan an huda saman tanki, sai a auna zurfinsa, yadda rariyar famfo za ta sauka dab da ƙasa. Wajibi ne a kewaye ta da ɗan kwano, domin in mota ta sha kwana mai kan gudu gefe guda, injekta kuwa ba ta da ajiya irin ta kafireta. Tiyon cikin tanki sai wanda aka yi don zama cikin fetur, na gama-gari ruɓewa yake yi. Har wa yau, a sauya tiyon da ke zuwa inji da mai jure matsi, a sa matata, a kuma ja layin da ke mayar da rarar mai tanki, in injin mai bukatarsa ne.

Wajen wuta, famfo ya bi ta fis da rile, ƙwaƙwalwar inji ta riƙa sarrafa shi. Amfanin wannan shi ne, in an yi haɗari inji ya mutu, famfo zai tsaya, ba zai ci gaba da kwarara fetur ba. Daga ƙarshe a kunna makulli, a auna matsi, a duba ɗiga kafin a ta da mota.

Ragowar aiki na direba ne. Wanda ya saba yawo da ƙwaryar tanki, famfonsa ba zai yi ƙarko ba.