Shirya Doki da Mahayi Domin Zaman Horo na Farko

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila akwai wata al'ada ta gayyato gwanin hawa ya koyar da mahaya tare da dawakinsu na tsawon kwana 1 zuwa 3. Ana kiran wannan zama da suna kilinik, ko da yake babu abin da ya haɗa shi da asibiti. Wani Ba'amurke mai suna Ray Hunt yana cikin waɗanda suka yaɗa shi tun daga shekarun 1970. Da yake doki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, daga hawan salla har zuwa filayen folo na Katsina da Kaduna, shirin da ake yi wa irin wannan zama zai amfani duk mai turke. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Lafiyar doki

Abu na farko shi ne mahayi ya san yadda jikin dokinsa yake a lokacin da yake lafiya. Zuciyar babban doki mai hutawa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti guda, yana numfashi sau 8 zuwa 16, zafin jikinsa kuma yakan tsaya tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyos. Ana jin bugun jini a ƙarƙashin muƙamuƙi. Sai a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau 4. Wanda ya saba auna waɗannan a gida shi ne zai gane canji idan ya auku a baƙon wuri.

Haɗuwar dawaki daga garuruwa daban-daban hanya ce ta yaɗuwar cuta. Murar dawaki, wadda ta kashe jakuna masu yawa a Nijar da arewacin Nijeriya a 2018 da 2019, tana yaɗuwa ta tari da kayan aiki. Saboda haka a nemi likitan dabbobi ya yi rigakafinta da na cutar sarƙewar haƙora makonni kafin tafiya, domin jiki yana bukatar lokaci kafin ya gina garkuwa. Kowane doki kuma ya tafi da bokitinsa. A duba haƙora, domin kaifinsu kan yanki kumatu har doki ya riƙa faɗa da linzami. Kofato kuwa a gyara shi mako 1 ko 2 kafin ranar.

Horar da jiki

A zaman horo doki kan yi aikin da ya ninka wanda ya saba. Zuciya da tsoka suna ƙarfafa cikin 'yan makonni, amma jijiyoyi da ƙashi sai an ɗauki watanni. Ke nan doki yana iya jin ƙarfin sukuwa alhali ƙafafunsa ba su kai ba, kuma a nan ne ake samun targaɗe. Hanyar da ta dace ita ce kilisa a kai a kai na mako 6 zuwa 8, a fara da tafiya, a shiga sassarfa, sannan sukuwa kaɗan, ana ƙari sannu a hankali.

Ci da sha

Tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya iya amai, don haka ciwon ciki yake da haɗari gare shi. A hanjinsa akwai ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, waɗanda canjin abinci farat ɗaya ke rikitawa. A tafi masa da harawa da dusar da ya saba ci. Idan canji ya zama dole, a yi shi cikin kwana 7 zuwa 14. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 na ruwa a yini, ya kuma fi haka a bazara. Zufarsa tana fita da gishiri mai yawa, abin da ya sa magabata ke ba dawaki kanwa. Idan aka tsunkuli fatar wuya ba ta koma ba cikin daƙiƙa 2, to ruwan jiki ya yi ƙasa.

Idan a mota za a kai shi, a koya masa shiga da fita tun a gida. Kada a ɗaure kansa sama tsawon tafiya, domin sai ya sunkuya yake iya fitar da ƙura da majina daga maƙogwaro. Rashin haka kan jawo ciwon huhu. A tsaya bayan kowace awa 4 a ba shi ruwa.

Shirin mahayi

Kada a zo da sabon sirdi ranar horo, domin wanda bai zauna daidai ba yakan bar miki a gadon baya. Masana suna ba da shawarar kada nauyin mahayi da sirdi ya wuce kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin doki. Hular kwano wajibi ce, haka ma takalmi mai dunduniya wanda zai hana ƙafa zarcewa cikin likkafa. A tuna cewa doki yana ganin kusan duk kewayensa, amma ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, saboda haka a bar tazara tsakanin dawaki.

Doki yana koyo ne a lokacin da aka sassauta masa. Idan aka ja linzami ya tsaya, sakin da aka yi nan take shi ke sanar da shi ya yi daidai. Mahayin da ya jinkirta saki, ko da na daƙiƙa kaɗan ne, ya rikita darasin.

Daga ƙarshe, mahayi ya gaya wa malami gaskiyar matsayinsa da halin dokinsa, ya zaɓi matsala guda da yake son a warware masa. Idan ya ga dokin yana ɗingishi, ko numfashinsa ya ƙi sauka bayan hutu, to ya sauka ya nemi likita. Darasin da ya wuce ana iya sake shi, amma jijiyar da ta tsinke takan ɗauki wajen shekara guda kafin ta warke.