Shin a Sayi Ɗan Wasan Bayan da Tauraronsa Ya Dusashe?

A watan Agustan 2023, Manchester United ta amince da tayin fam miliyan 30 da West Ham ta yi wa Harry Maguire. Kafin a kai ga sa hannu, magoya bayan West Ham sun rabu gida biyu. Wasu na murna za a samu ɗan wasan tawagar Ingila da rahusa, wasu na cewa kayan da United ta gaji da shi ne za a jibge musu. Musun bai tsaya a Landan ba. A gidajen kallon ƙwallo da teburan masu shayi na Kano da Kaduna, inda ake bin gasar Firimiya kamar ta gida, an kai matsayin da in yaro ya yi kwaɓa a filin unguwa sai a kira shi Maguire. Hatta a majalisar dokokin Ghana, ɗan majalisa Isaac Adongo ya taɓa kamanta mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, da Maguire, wai shi ma cin gida yake yi a harkar tattalin arziki.

Irin wannan gardama tana tashi duk lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan wasa, kuma yawancin masu yin ta ba sa taɓa tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa ɗan wasan ya daina taɓuka abin kirki?

Aikin mai tsaron baya aiki ne mara godiya. Ɗan wasan gaba zai ɓarar da dama huɗu, ya ci ta biyar, a ɗauke shi a kafaɗa. Na baya kuwa zai yi minti tamanin da tara yana tare hanya, yana karanta inda ƙwallo za ta faɗo, yana tsawata wa abokansa su daidaita layi, babu wanda ya lura, domin hatsarin da aka hana aukuwa ba ya fitowa a hoto. Ya zame sau ɗaya, ƙwallo ta shiga raga, washegari gutsuren bidiyon ya zagaye Facebook da WhatsApp. Da wannan gutsure na daƙiƙa goma ake yanke wa mutum hukunci.

United ta sayi Maguire daga Leicester a 2019 kan fam miliyan 80, kuɗi mafi yawa da aka taɓa biya kan mai tsaron baya a lokacin, kuma a farkon 2020 aka ɗaura masa kyaftin. Ƙarfinsa a bayyane yake: dogo ne, ya iya sa kai, ba a ture shi a cikin da'ira. Rauninsa ma haka: ba shi da saurin juyawa. In koci ya ce 'yan baya su matso har tsakiyar fili, sai a bar sarari mai faɗi a bayansa, kuma duk ɗan gaba mai gudu zai bar shi a nan. Da koci Erik ten Hag ya zo a 2022, ya taho da Lisandro Martínez daga Ajax, ya haɗa shi da Raphaël Varane. Wasa takwas kacal aka fara da Maguire a Firimiya a kakar 2022/23, sannan a Yulin 2023 aka karɓe kyaftin ɗin aka ba Bruno Fernandes. To amma West Ham ta koci David Moyes a lokacin ƙungiya ce mai ja da baya ta tsare gidanta, ta jira ƙwallon sama. Wato ainihin filin da Maguire ya fi iya rawa. A ganina masu son a saye shi sun fi hujja, ko da yake cinikin ya watse, kamar yadda rahotanni suka nuna, kan batun kuɗin sallamar da zai cike masa giɓin albashi.

Ya zauna a United, rauni ya kwantar da waɗanda ke gabansa, ya dawo fili, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Firimiya na watan Nuwambar 2023. A watan ne kuma Adongo ya miƙe a majalisa ya nemi afuwarsa.

Labarin Eric Dier ya fi wannan fitowa fili. Ange Postecoglou ya zo Tottenham da salon matsowa gaba, yana son masu gudu irin su Micky van de Ven, sai Dier ya koma ɗumama benci. Da Bayern Munich ta ɗauke shi aro a Janairun 2024, dariya aka yi ta yi, har ana cewa an kawo shi ne don ya ɗebe wa abokinsa Harry Kane kewa. Cikin 'yan makonni kocin Bayern na lokacin, Thomas Tuchel, ya fifita shi a kan Dayot Upamecano, kuma da shi Bayern ta fitar da Arsenal daga gasar Zakarun Turai. Haka Chris Smalling, wanda United ta tura Roma aro a 2019, ya ɗaga kofin Conference League a 2022. Haka Fikayo Tomori, ɗan asalin Najeriya da Chelsea ta ajiye a gefe, ya je AC Milan a Janairun 2021, ya ci gasar Italiya a shekarar da ta biyo. Babu ɗayansu da ya koyi sabuwar ƙwallo a jirgi. Koci ne ya canza, da abokin tsayuwa, da abin da ake nema a wurinsu.

Sai dai masu cewa kada a saya su ma ba shirme suke yi ba, araha ba ta ado. Akwai lalacewar da canjin riga ba ya gyara ta. Como ta Italiya ta ɗauki Varane kyauta a 2024, mutumin da ya ci kofin duniya da Zakarun Turai har huɗu. A wasansa na farko gwiwa ta tashi, a watan Satumba ya yi ritaya yana da shekara 31. Akwai kuma halin da ya bi jiki. Arsenal ta sayi David Luiz daga Chelsea a 2019 kan kusan fam miliyan 8, kowa ya san gwani ne wajen raba ƙwallo, kowa kuma ya san yana da ganganci. A kakarsa ta farko ya jawo fenareti biyar a Firimiya. An ci kofin FA da shi, gaskiya ne, amma gangancin da ya zo da shi daga Chelsea bai bar shi a ƙofa ba.

Abin ya yi kama da sayen mota ta hannu. Mai hankali ba ya tsayawa kan fenti, bakanike yake kira ya buɗe inji, ya gane ko taya ce kawai ta sace ko giya ce ta mutu. In matsalar ɗan wasa salon koci ce, ko rashin abokin da zai rufa masa baya, ko ihun 'yan kallo da ya karya masa gwiwa, ana iya samun riba mai yawa. In gudu ne ya tafi saboda shekaru, ko rauni ne mai dawowa, sunan da ya yi a baya ba zai tare ko ƙwallo ɗaya ba.

Ga kuma lissafin da magoya baya ba su cika kulawa da shi ba. Ƙungiyoyi suna raba kuɗin sayen ɗan wasa a kan shekarun kwantiraginsa. Fam miliyan 80 a shekara shida na nufin bayan shekara huɗu saura kusan miliyan 27 a littafi, don haka tayin miliyan 30 ba asara ba ce ga United a takarda, duk da ana ta cewa ta faɗi da miliyan 50. Wurin mai saye kuwa, albashi ne ramin. Wanda ya fito daga babbar ƙungiya yakan zo da albashin da ya fi na kowa a sabon gidansa, in aka ba shi shekara huɗu bai yi ba, babu mai karɓarsa. Shi ya sa aro tare da zaɓin saye daga baya ya fi kwanciyar hankali, kuma ta wannan hanyar Milan da Bayern suka bi.

Saboda haka, mai karatu, in an sake kawo sunan wani ɗan baya da ake yi wa dariya aka ce ƙungiyarka na zawarcinsa, ka nemi cikakken wasansa biyu ko uku ka kalla, ka duba shekarunsa da yawan wasannin da rauni ya hana shi bugawa, ka kuma tambayi kanka a ina kocinku yake tsayar da layin baya. In amsoshin sun yi daidai, a kawo shi aro na kaka ɗaya.