Mai sana'a shi kaɗai: Ɗaukar ma'aikaci ko ba da kwangila?

Duk lokacin da Sallah ta gabato, teloli da dama a Kano kan tara ɗinkin da ya fi ƙarfinsu, abin da kan tilasta musu neman taimako.

Hanya biyu ce a gaban tela: ko dai ya ɗauki wanda zai zauna a shago yana biyansa duk wata, ko kuma ya kai aikin wuyan riga wurin wani gwani, ya biya shi bisa kowace riga.

Na farkon ma'aikaci ne, na biyun kuwa ɗan kwangila ne, kuma nauyin da ke kan mai shago ya bambanta.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki.

Haka kuma dokar biyan diyya ta 2010 ta buƙaci mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da yake biya a asusun NSITF, saboda haɗari a wurin aiki.

Sai dai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai shafi wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Ba da kwangila yana rage wannan nauyi, amma shi ma yana da nasa haɗarin, domin mai kaya tela ya sani, ba wanda telan ya ba aiki ba. In shadda ta lalace, ko Sallah ta zo ba a gama ba, sunan tela ne ke ɓaci.

A mazhabar Malikiyya dai, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa, shi ke biya idan sun salwanta, sai in akwai shaidar cewa ba laifinsa ba ne.

Don haka tun kafin a miƙa yadi, ya kamata a rubuta farashi, da ranar kammalawa, da wanda zai biya idan an yi ɓarna, a gaban shaidu.