Manhajar Kyauta: Wa Ke Biyan Masu Aikinta?

Minna: Duk wayar Android da ake sayarwa a Kasuwar Kure tana aiki ne bisa ginshiƙin Linux, manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991 don sha'awa kawai. Irin wannan manhaja a buɗe take ga kowa: mutum na iya ɗaukarta, ya duba yadda aka tsara ta, ya gyara, ba tare da biyan ko kwabo ba. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa da dama ke zaton 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita har yau.

Alƙaluma ba su nuna haka ba. Rahotannin Gidauniyar Linux sun tabbatar da cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na gyare-gyaren da ke shiga ginshiƙin suna fitowa ne daga ma'aikatan da kamfanoni irin su Intel da Google da Red Hat ke biya albashi. Shi kuwa Red Hat, wanda cinikinsa shi ne kula da manhajar ga masu biyan kuɗin shekara, IBM ya saye shi a 2019 kan dalar Amurka miliyan dubu 34.

A nan gida ma akwai misali. Alƙaluman da asibitoci da ɗakunan shan magani na ƙananan hukumomi 25 na Jihar Neja ke tarawa kowane wata suna shiga DHIS2 ne, manhajar da Nijeriya ta ɗauka don tattara bayanan lafiya. Gwamnati ba ta biyan kuɗin lasisi. Sai dai masu rubuta ta ma'aikata ne a ƙarƙashin Jami'ar Oslo da ke Norway, kuma hukumar ba da agaji ta ƙasar, Norad, da Asusun Global Fund na cikin masu ɗaukar nauyinsu. Wato dai akwai mai biya, illa ba shi ne mai amfani da ita ba.

Inda aka bar aikin ga sha'awa kaɗai, an ga abin da ya biyo baya. A 2014 aka gano kuskuren da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kare sirrin hada-hadar dubban shafukan intanet. A lokacin, gudunmawar da take samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya ne rak ke aikinta cikakken lokaci. Sai da ɓarna ta bayyana manyan kamfanoni suka haɗa asusun tallafi.

Ba za a raina sha'awa ba, domin ita ce ke haifar da sabon abu. Amma amsa koke-koken jama'a da toshe kurakurai shekara da shekaru aiki ne mai gundura, wanda ba kasafai ake yinsa don Allah-ya-yi-maka-albarka ba. Ga matashin da ya kammala Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, lamarin ya fi tsanani, domin daga aljihunsa zai sayi data da man janareta, duk da cewa madatsar Shiroro na maƙwabtaka da shi. Shirin Google Summer of Code, wanda ke biyan sabbin shiga alawus tun 2005, na 'yan watanni ne kawai.

Saboda haka, ɗan kasuwar da ya ɗora lissafin shagonsa ko makarantarsa a kan manhajar kyauta ya tsira daga kuɗin lasisi, wanda galibi da dala ake biya. Ladan wanda zai kafa ta, ya horar da ma'aikata, ya riƙa sabunta ta yana nan a wuyansa, kuma da naira zai biya, ga wani masani a Bosso ko Tunga.