Me Ya Sa Hanyar Ɗan Ƙwallon Haɗejia Zuwa Firimiya Ta Fi Tsawo?

A kakar wasa ta 2020/2021, Jigawa Golden Stars, ƙungiyar da ke ɗauke da tutar jihar Jigawa a gasar Firimiya ta Najeriya, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna ta riƙa karɓar baƙinta. Daga Haɗejia zuwa can tafiyar sama da kilomita 400 ce. Wasan da ake kira na gida ya zama na baƙunta, da kuɗin mota da na masauki da na abinci, a daidai lokacin da wasu ƙungiyoyin ke fitowa daga gidajensu su shiga filinsu. Da kakar ta ƙare, Golden Stars ta faɗo daga gasar tare da Adamawa United da Warri Wolves da FC Ifeanyi Ubah, shekara 2 kacal bayan hawowarta a 2019. Ba wannan ne karo na farko ba, domin a 2012 ma ta faɗo.

Masu sharhi sukan ɗora laifin irin wannan faɗuwa a kan koci ko 'yan wasa ko alƙalan wasa. Amma akwai wanda asarar ta fi shafa, kuma ba a cika ambatonsa ba. Shi ne yaro ɗan shekara 15 da ke taka leda a filin makarantar firamare a Haɗejia ko Auyo ko Guri ko Malam Madori. Makomarsa a ƙwallo ba ta tsaya ga baiwar da Allah Ya ba shi ba. Ta rataya ne a kan ƙarfin ƙungiyar da ke kusa da shi, da kuma ko akwai wanda ya rubuta sunansa a inda ya dace.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

A manyan gasannin Turai, ƙungiya tana rayuwa ne da kuɗin nuna wasa a talabijin, da tikitin 'yan kallo, da tallan kamfanoni, da cinikin 'yan wasa. A Najeriya kuwa, mafi yawan ƙungiyoyi 20 da ke Firimiya mallakar gwamnatocin jihohi ne. Ƙarfin ƙungiya yana bin ƙarfin baitulmalin jiharta da kuma sha'awar gwamnan da ke kan kujera. Shi ya sa a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar jaridu suka riƙa kiran Golden Stars da yaran Badaru. Laƙabin yana da daɗin ji, amma yana nuna inda matsalar take: ƙungiyar da ta dogara da mutum ɗaya, duk sauyin gwamnati sai ta sake lale.

Jihohin kuma ba ɗaya suke ba. Lokacin da Rivers United ta ɗauki kofin gasar a 2022, Gwamna Nyesom Wike ya yi wa kowane ɗan wasa kyautar dala 20,000. Jihar da ke fama da ambaliya da ƙarancin ajujuwa da asibitoci ba za ta iya wannan ba, kuma ba a fatan ta gwada. Ladar gasar ma ba ta cike giɓin. Enyimba ta karɓi Naira miliyan 100 da ta zama zakara a 2023, Rangers ta karɓi miliyan 150 a 2024, Remo Stars kuma miliyan 200 a 2025. Babban rabo yana zuwa ne ga wanda ya riga ya fi ƙarfi, alhali wasa 38 ne ke gaban kowa, rabinsu a waje. Ƙungiyar Arewa sai ta keta ƙasar nan a mota zuwa Uyo da Aba da Fatakwal, kuma hanyar ba ta rasa haɗari. A watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a kan hanyarta ta zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa. Idan babbar ƙungiya irin Pillars ta ga haka, sai a ƙiyasta halin ƙananan da ke rukunin ƙasa, wato gasar NNL da ta NLO.

Abin da giɓin ke yi wa ɗan wasa

Na farko shi ne ido. Masu farautar 'yan wasa da kociyoyin tawagar ƙasa suna zuwa ne inda ake manyan wasanni, inda kyamara take. Ahmed Musa a Jos ya tashi, amma a Kano Pillars duniya ta gan shi, lokacin da ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, sai CSKA ta Mosko a 2012, sai Leicester ta Ingila a 2016. Pillars ɗin da ya shiga ƙungiya ce da ta ɗauki kofin gasa a 2008, ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Afirka a 2009. Idon nahiyar duka yana kanta. Da ƙwallayen nan 18 a gasar unguwanni ya ci su, da labarin bai wuce majalisar mai shayi ba.

Na biyu shi ne kwanciyar hankali. Ƙorafin bashin albashi da kuɗin sa hannu tsohon abu ne a ƙwallon Najeriya. Ɗan wasan da bai san ranar da za a biya shi ba, da zarar wata ƙungiya ta ɗaga masa hannu zai tattara kayansa. Ƙungiyar da ta faɗo daga Firimiya kuwa, zaratanta ne ke fara watsewa, sai ta koma gini daga tushe.

Na uku shi ne jiki da horo. Tsakanin shekara 12 zuwa 18 ne ɗan ƙwallo ke ginuwa. A nan yake buƙatar koci mai ilimi, da abinci mai gina jiki, da fili mai kyau, da likitan da zai duba gwiwa ko idon sawu kafin ciwon ya yi nisa. Yaron fadamar Haɗejia yana da ƙarfin jiki, domin ya saba da aikin gonar shinkafa da su da tafiyar ƙasa. Amma lokacinsa a rabe yake tsakanin gona da makaranta da fili. A shekarun da kogi ya yi ambaliya, kamar 2020 da 2022, ruwa yakan shafe gonaki da hanyoyi, makarantun da ake wasa a filayensu su zama matsugunin waɗanda suka rasa muhalli. Gidan da ya rasa amfanin gonarsa ba zai sayi takalmin ƙwallo ba.

Duk da haka, ƙaramin gari ba ya hana baiwa fitowa. Zaidu Sanusi ɗan Jega ne a jihar Kebbi. Ya bi ta ƙananan ƙungiyoyin Fotugal irin su Mirandela da Santa Clara, har Porto ta ɗauke shi a 2020, ya kuma zama ɗan wasan Super Eagles. Tambayar ita ce, Zaidu nawa ne suka tsaya a hanya don ba su samu wanda ya riƙe hannunsu ba?

Haƙƙin da ake bari a ƙasa

Akwai wata ƙofar kuɗi da ƙananan ƙungiyoyi da yawa ba su amfana da ita ba. Dokar hukumar FIFA ta tanadi haƙƙi iri biyu ga wanda ya raini ɗan wasa. Akwai diyyar horarwa, wadda ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru, ko ya sauya ƙasa kafin ya wuce shekara 23. Akwai kuma kaso 5 cikin 100 na kuɗin cinikinsa, wanda ake raba wa duk ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kaso 5 cikin 100 na wannan rabo, daga 16 zuwa 23 kuma kowace tana da kaso 10.

A ɗauki misali. A ce wata ƙungiya a Haɗejia ta riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 17, daga baya wani kulob na Turai ya sayar da shi ga wani a kan Yuro miliyan 2. Rabon masu raino Yuro 100,000 ne, kuma kaso 40 cikin 100 na wannan, wato Yuro 40,000, haƙƙin ƙungiyar Haɗejia ne. Idan aka sake sayar da shi, ta sake samun nata. Tun watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a birnin Faris da ke karɓar waɗannan kuɗaɗe yana miƙa su ga masu su.

Sharaɗin ɗaya ne: rajista. Ofishin yana aiki ne da tarihin ɗan wasa da ke cikin kwamfuta, wanda hukumar ƙwallon ƙasarsa ta shigar. Ƙungiyar da ba ta yi rajista ba, ko ta yi amma ba ta shigar da yaranta ba, ba ta da ko sisi a idon doka, ko da kocinta ya shekara 6 yana saya wa yaron burodi da shayi daga aljihunsa. Dillali yakan zo ya ɗauki yaro, ya kai shi wata makarantar ƙwallo a Legas ko Abuja, a rubuta shi a can kamar daga nan ya faro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Rage shekaru ma yana ƙara dagula lissafin, domin takardar ƙarya tana shafe ainihin shekarun da aka yi ana raino. Ya kamata iyaye su san cewa dokar FIFA ta hana kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo, in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai. Duk wanda ya ce a sayar da gona a ba shi kuɗin biza zai kai ɗan shekara 16 Turai, a yi hattara da shi.

Yadda wasu suka rage giɓin

A ƙasar Ostireliya akwai wata ƙwallo tasu ta gargajiya, mai siffar ƙwai, da ake bugawa da hannu da ƙafa. Gasarta ta AFL tana da ƙungiyoyi 18, kuma ta sha fama da irin wannan matsala. Rashin kuɗi ya sa South Melbourne ta yi ƙaura zuwa Sidni a 1982, Fitzroy kuma ta narke cikin ƙungiyar Brisbane a 1996. Hukumar gasar ta ɗauki matakai. Tun 1986 ake zaɓen sababbin matasa bi da bi, kuma ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a teburi ita ke fara zaɓa. An ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya. Da masu kuɗi suka koma zuba dukiya a kan kociyoyi da likitoci da kayan horo, sai a 2015 aka sa wa wannan ɓangaren ma iyaka, wanda ya haura ya biya tara. Wajen rabon kuɗin talabijin kuma, masu ƙaramin ƙarfi irin su North Melbourne da St Kilda suna samun fiye da irin su Collingwood, wadda mambobinta masu biyan kuɗi suka haura 100,000.

Giɓin bai ɓace ba, kuma ba duk tsarin ne zai yi aiki a nan ba. Gasarsu babu hawa da faɗuwa, kuma 'yan wasansu ba su da wata kasuwa a waje, alhali namu kasuwarsu duniya ce. Abin ɗauka shi ne tunanin da ke ƙarƙashin tsarin: gasa ba ta ƙarfi sai ƙaramar ƙungiya ta iya tsayawa da ƙafarta, kuma mambobi masu biyan kuɗi sun fi mai gida ɗaya ɗorewa.

A gida ma akwai abin dubawa. Ikenne ƙaramin gari ne a jihar Ogun, amma daga can Remo Stars ta ɗauki kofin 2025. Tana da filinta, da makarantar rainon yara ta Beyond Limits, kuma mai ita, Kunle Soname, ya sayi hannun jari a Feirense ta Fotugal. Dukiyarsa daga kamfanin caca ta fito, hanyar da al'ummarmu ba za ta bi ba. Amma tsarin fili da makaranta da rajista da kasuwa ba shi da alaƙa da caca, kowa zai iya kwaikwayonsa da halaliyarsa.

Abin da ke hannunmu

Haɗejia ba za ta yi gasar kuɗi da Fatakwal ba, amma ba fanko take ba. Tana da filin wasa da Golden Stars ta taɓa karɓar baƙi a cikinsa. Tana da ƙananan hukumomi 8 a masarautarta, cike da matasa masu son ƙwallo. Tana da kasuwar kifi da ta yi suna, da manoman shinkafa da alkama da riɗi, da 'yan kasuwar da za su iya ɗaukar nauyin gasar 'yan ƙasa da shekara 15 da 17 duk rani, a tsara ta yadda ba za ta ci karo da damina ko jarrabawa ba.

Aikin gwamnatin jiha shi ne ta gyara fili ɗaya ya cika sharuɗɗan Firimiya, don kada ƙungiyar Jigawa ta sake zama baƙuwa a wasanta na gida, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa da magoya baya su mallaki kaso a cikinta. Hukumar ƙwallon jiha ta bi gari gari ta yi wa ƙananan ƙungiyoyi rajista a kan kuɗin da za su iya biya. Hukumar gasar Firimiya ta ware kaso mai tsoka na kuɗin talla da na talabijin ta raba daidai, ta kuma tallafa wa masu doguwar tafiya. Iyaye su riƙe takardar haihuwa ta gaskiya, su kuma tsaya kan karatun 'ya'yansu, domin a cikin yara masu yawa kaɗan ne ƙwallo za ta ciyar.

Ku kuma kociyoyin unguwa, da kuke wannan aiki shekara da shekaru ba albashi, kada ku jira dillali ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ku je ofishin hukumar ƙwallon jiha ku yi wa ƙungiyarku rajista, ku shigar da sunan kowane yaro da ainihin shekarunsa tun yana ɗan 12. Wannan takardar ce za ta kare yaron, kuma ita ce za ta dawo muku da haƙƙin wahalarku.