Tazargade Ba Ƙwayar Maleriya Ba Ne

Ran kasuwar Kwanar Ɗangora na tsaya gaban wani mai magani da ya baza ƙulle-ƙulle a kan buhu, lasifikarsa na ta kururuwa: "Ga tazargade! Shi Bature ya ɗauka ya yi ƙwayar maleriya!" Wata dattijuwa ta kwance bakin zane ta sayi ƙulli biyu, wai jikanta yau kwana uku jikinsa kamar garwashi. Wallahi na gaji da jin wannan magana.

Tazargade tsohon suna ne da muka gada: busasshen ganye mai ɗaci da ƙamshi mai hawa kai, a jiƙa, a turara, a shafa wa yara. Masana na sa shi a dangin Artemisia. Ya sake tashe a 2020, lokacin da shugaban Madagaska na wancan lokaci, Andry Rajoelina, ya fito da wani ruwa na ganyen Artemisia ya ce maganin korona ne. Korona ta lafa, sai aka juya tallar kan zazzaɓin cizon sauro.

Kama da wane ba ta wane. Dangin nan iri-iri ne, ɗaruruwa, mu kuwa suna ɗaya muka yi musu. Wanda ake ciro atimisinin, sinadarin ƙwayar maleriya, daga gare shi shi ne Artemisia annua, ɗan asalin ƙasar Sin. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello kuwa sun rubuta tazargaden da suka gwada da sunan Artemisia maciverae. To, wanne ne a ƙullin naira ɗari biyun nan? Mai sayarwar ma bai sani ba.

A ƙaddara ma shi ne. Ai ba dafa ganye Tu Youyou, wadda ta gano sinadarin, ta yi ta ɗura a kwalba ba. A wani littafi da wani mai suna Ge Hong ya rubuta a ƙarni na 4 ta ga an ce a jiƙa a matse ruwan, sai ta gane zafin wuta na raunana maganin. A 1972 ita da abokan aikinta suka tace sinadarin, a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Mu kuwa sai mu ɗora tukunya ta yi ta tafarfasa, mu ce mun haɗa magani! Ƙarfin ganyen ma ya danganta da inda ya tsiro da yadda aka shanya shi. Wa ya auna miki, Hajiya?

Ƙwayar asibiti irin Coartem magani biyu ne a haɗe: ɗaya ya yi wa ƙwayoyin cutar dirar mikiya ya fita da wuri, na biyun ya tsaya ya share ragowar. Jiƙo mai rauni kan iya sassauta zafin jiki ya bar cutar a jini, har ta koyi jure magani. An riga an ga alamun wannan juriya a Ruwanda da Yuganda. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin maleriya da jiƙon ganyen ba.

Mu da ke tsakanin Dam ɗin Tiga, fadamun shinkafa da dajin Falgore, sauro maƙwabcinmu ne. Yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi gwajin jini a ranar. Ɗigo ɗaya ne daga yatsa, cikin minti 20 an gama. In maleriya ce, a sha magani kwana uku cur, safe da dare, da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, kada a tsaya don jiki ya yi sanyi. In ana amai ba ƙaƙƙautawa, ko jijjiga, ko yaro ya kasa shan nono, a garzaya asibiti ko tsakar dare ne. Mai juna biyu ta nisanci jiƙon, ta riƙe awon ciki. Ma'aikatan da ke bi gida-gida da damina da maganin rigakafin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a buɗe musu ƙofa. Gidan sauro kuma na gado ne, ba na shingen lambu ba.

Iyaye, a bar tazargade a kaskon turare. Yaro mai zazzaɓi a kai shi gwaji.