Damuwa da Ƙiba a Damargu: Ciwon da Ke Shigowa ta Zuciya

A Damargu, idan mutum ya dawo daga tafiya aka ce masa ya yi ƙiba, barka ake yi masa. Ana nufin ya ci ya ƙoshi, hankalinsa kuma ya kwanta. Wanda ya san ƙasar ba zai yi mamaki ba. Tanut ta ƙasar Damargu na wajen kilomita 150 arewa da Damagaram a kan hanyar Agadas, daidai inda noma ke ƙarewa kiwo ya karɓa, kuma ruwan shekara sau da yawa ba ya cika milimita 300. A da nan ayarin Abzinawa ke sauka su auni hatsi, har ƙasar ta yi suna da cikar rumbu. Sai ga farin 1973 da 1974, da na 1984, da yunwar 2005 da ta biyo bayan ƙarancin ruwa da farin dango, da ta 2010. Rama ita ce abokiyar gabar da kowa ya sani, kuma har gobe tamowar yara ita ce babbar matsalar Tanut da Belbeji, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011.

To me ya kawo maganar ƙiba a ƙasar da ake auna damtsen yara da zaren awo? Abin da ya kawo ta shi ne, yanzu ciwon biyu na iya zama a gida ɗaya. Jika na karɓar abincin tamowa, kakansa ɗan kasuwa na fama da tumbi da hawan jini, kishiyar uwarsa kuma an auna ta an ce suga ne. Akwai wani zare da ya ɗinke su wanda ba a cika kula da shi ba, shi ne damuwa.

Idan mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo ga wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda, su saki sinadarai biyu, adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, hanta ta zubo suga cikin jini don tsoka ta samu ƙarfin gudu ko faɗa. Wannan rahama ce ga makiyayin da ɓarayi suka tasar wa garke cikin dare. Haɗari na wucewa, jiki ya koma yadda yake. Amma dubi irin damuwar mutanenmu. Ruwa ya ɗauke bayan an yi shuka. Tiyar hatsi ta hau, rumbu kuwa ya ƙare tun kafin damina ta yi tsakiya. Ga bashin da za a biya da kaka, ga rigimar gona da burtali. Ɗa ya tafi Libiya ko haƙar zinariya a Jado, wata uku babu waya. Irin wannan da ita ake kwana, da ita ake tashi, kuma jiki ba ya bambanta ta da ɓarawon dare. Sai ya yi ta zuba kotizol wata da watanni.

Idan kotizol ya daɗe a sama, aiki uku yake yi wa jiki. Yana tayar da kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Yana sa a tara kitse a cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, maimakon a cinya ko ƙarƙashin fata. Yana kuma dakushe aikin insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka. Jiki na yin abin da maigidan da ya taɓa ganin yunwa ke yi, wato ya cika rumbu ya ƙi buɗewa. Shi kitsen ciki ba ajiya ce mai kwanciya shiru ba, yana fitar da abubuwan da ke ƙara hana insulin aiki, suna kuma ɓata jijiyoyin jini. Daga nan hanya ta miƙe zuwa ciwon suga, hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa za ka ga mutum hannuwa da ƙafafu sirara, tumbi a gaba, suga kuma ya kama shi.

Rashin barci na ƙara wa wutar mai. A 2004 masu bincike a Jami'ar Shikago ta Amurka sun rage wa samari 12 barci zuwa awa huɗu na dare biyu kacal. Sinadarin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, mai tayar da yunwa ya ƙaru da kashi 28. Mai tunani ba ya barci. A wajenmu kuma wanda ya kasa barci majalisar shayi yake nufa, a dafa na fari, na biyu, na uku, kowanne da sukari mai yawa. Ina son majalisar shayi, domin hirar da ake yi a cikinta ita kanta magani ce ga zuciya. Sukarin ne abin dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, kuma lemun kwalba guda kan cinye fiye da rabin wannan. A haɗa da taliya da shinkafa da mai da suka fara ture tuwon hatsi a cikin gari, da babur da ya karɓe tafiyar ƙafa.

Akwai kuma matakin da damuwa ke wuce tunanin yau da kullum ta zama ciwo. Alamarsa ita ce mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, abin da ke faranta masa rai a da ya daina, jiki ya mutu, barci ya lalace, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo da kimanin miliyan 280 a duniya, mata sun fi yawa. Wasu yakan hana su ci, su rame, kuma su ne ake saurin ganewa. Wasu kuwa yakan sa su ci ba don yunwa ba, su yini a kwance, su yi ƙiba, dangi na murna. Na fi jin tausayin waɗannan: matar da miji ya tafi cin rani shekara biyu, tana cikin gida da yara da surukai, jikinta na cika, kowa na cewa ta samu hutu.

A 2010 masu bincike a ƙasar Holan, ƙarƙashin Floriana Luppino, sun tattara bincike 15 da aka bi mutane shekara da shekaru. Suka ga mai ciwon damuwa ya fi wanda ba shi da shi haɗarin yin mummunar ƙiba da kashi 58 cikin ɗari, mai mummunar ƙiba kuma ya fi haɗarin kamuwa da ciwon damuwa da kashi 55. Wani tarin binciken na 2008 ya nuna ciwon damuwa na ƙara haɗarin ciwon suga da kashi 60. Kowanne na jawo ɗan'uwansa. Wanda damuwa ta danne kuma ba ya iya kiyaye shan magani da dokar abinci, sai sugan ya ƙi sauka, rashin saukarsa ya ƙara masa damuwa.

Abin da ya fi shafar Damargu kai tsaye shi ne gadon yunwa. A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945 yaƙi ya jefa yammacin Holan cikin yunwa. A 1976 aka duba bayanan samari kimanin 300,000 'yan shekara 19, aka ga waɗanda yunwar ta same su a farkon zamansu cikin ciki sun fi sauran ƙiba. A 2010 aka yi irin wannan a Inugu ta Nijeriya kan waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin Biyafara, aka tarar sun fi yawan hawan jini da matsalar suga da nauyin jiki. Jaririn da ya yi yunwa a ciki, jikinsa kan shirya wa duniyar ƙaranci. Idan ya girma ya faɗa cikin sukari da mai da zaman shago, ya fi kowa saurin karyewa. 'Ya'yan 1984 na Tarka da Olelewa da Gangara sun haura shekara 40 yanzu, shekarun da suga da hawan jini ke fara bayyana. 'Ya'yan 2005 kuma sun kai aure. Ciyar da mai ciki a yau rigakafin ciwon suga ne na shekara 40 masu zuwa.

Wanda ke shakkar aikin kotizol, ya dubi ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a tire, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu deksametazon ne, ɗan'uwan kotizol da aka haɗa a masana'anta. 'Yan mata na shan su gab da aure don a ce sun cika. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, fata ta tsattsage, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni. Abin da damuwa ke yi a hankali, su suna yin shi da gaggawa. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, don hakan na iya kashewa. Ta je likita ya rage mata kaɗan-kaɗan.

Akwai abin da kowa zai iya yi ba da kuɗi ba. A samu igiya a auna tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ciki daidai saman cibiya. Idan ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, a je a auna jini da suga. Tafiyar ƙafa ta rabin awa sau biyar a mako tana rage suga, an kuma tabbatar tana sassauta damuwa. A rage sukarin shayi sannu-sannu har harshe ya saba. Hatsi da wake da zogale da nono, abincin iyayenmu, sun fi abin da ke cikin leda.

Sai maganar haƙuri. Haƙuri da addu'a ginshiƙai ne, ba mai musun wannan. Amma ba ma ce wa mai zazzaɓin cizon sauro ya yi haƙuri kawai, kai shi asibiti muke yi. Ciwon damuwa ba raunin imani ba ne, ba hauka ba ne, kuma yana warkewa da magana da magani. Wasu magungunansa, irin su amitiriftilin, suna ƙara nauyi, don haka a gaya wa likita idan akwai suga. Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan kaɗan ne a Nijar, amma tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane wannan ciwo da kula da shi. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci su saurari masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna abin na aiki ƙwarai. Damargu ba ta rasa iyaye mata masu riƙe sirri ba, ba ta rasa limamai da ungozoma da ake jin maganarsu ba.

Kirana ga ma'aikatan lafiya na Tanut da Belbeji shi ne, duk wanda kuka ɗaura wa awon jini, ku tambaye shi barcinsa da abin da ke cin ransa. Ku kuma 'yan'uwa, idan wani naku ya yi shiru, ya daina fita, jikinsa ya sauya ko ta rama ko ta ƙiba, ku zauna da shi ku ji ta bakinsa. In ya ambaci gajiya da rayuwa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi asibiti a ranar.